Na samu aiki a kamfanin jiragen sama a Yamai: tikitin ma'aikata zai iya kai mahaifiyata Umra?

Ɗan Adar ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina fatan kowa yana lafiya tare da iyali. Ni mutumin Tawa ne, a nan Yamai na yi karatu, kuma bayan shekara biyu ina yawon ajiye takardu, Allah ya nufa wani kamfanin jiragen sama na waje da ke sauka a filin Diori Hamani ya ɗauke ni aiki. Yau sati uku ke nan da na fara, a kantar da ake duba fasfo, a auna kaya, a miƙa wa fasinja katin shiga jirgi, kuma har yanzu a cikin watannin gwaji nake.

Ranar da na sa hannu a kwantaragi, matar da ke kula da sha'anin ma'aikata ta ba ni wani ɗan littafi da Faransanci, a cikinsa akwai shafuka huɗu da suka yi magana a kan tafiyar ma'aikaci da iyalinsa. Na karanta su ya fi sau biyar, amma haruffa ne birjik, ID90, ID50, ZED, GP, ga shi kuma na ji nauyin in koma in tambaye ta, kada a ce yaron da ko zama bai gama yi ba ya fara lissafin yawo.

Kuskuren da na yi shi ne, a daren nan na kira mahaifiyata cikin murna na gaya mata cewa ma'aikatan kamfanin suna shiga jirgi kusan kyauta, su da iyayensu. Kafin Juma'a ta zagayo labari ya gama unguwarmu, kuma a hanya kalmar “kusan” ta faɗi. Kawuna, wanda yake zuwa Dubai sarin kaya, ya kira ni sau biyu yana cewa daga yanzu ya huta da kuɗin jirgi. Wata gwaggona ta aiko a gaya mini ta daɗe tana son ganin ɗanta da ke Abijan. Ban ce wa kowa e ba, ban kuma iya cewa a'a ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mahaifiyata. Da kuɗin fura da ƙuli-ƙuli ta riƙe karatuna tun daga firamare, ba ta taɓa wuce Yamai ba, kuma a ranar na yi mata alkawari da bakina cewa in Allah ya kai mu azumi zan kai ta Umra a goman ƙarshe. Yanzu wani abokin aiki ya ce mini wannan tikiti ba ya ba mutum kujera, sai in wani fasinja bai zo ba. Shin haka ne? In haka ne, ta yaya mutum yake sanin zai tafi ko ba zai tafi ba, nawa yake biya a gaskiya, kuma su wa dokar take kira iyali? Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan sana'a su faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Allah ya saka da alheri.

Dattijon Talladje ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya sanya albarka a wannan aiki, ya sa ka gama da iyaye lafiya. Ni na shiga sana'ar nan tun zamanin Air Afrique, kamfanin da ƙasashe 11, har da Nijar, suka kafa a Yawunde a 1961, wanda ya durƙushe a 2002, daga baya na yi aiki da wasu kamfanoni biyu kafin in ajiye. A zamaninmu tikiti littafi ne mai jan kabon da ke ɓata yatsu, da hannu muke cika shi, sai a 2008 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta kawo ƙarshen tikitin takarda. Takardar ta tafi, amma ƙa'idar tikitin ma'aikaci tana nan yadda na same ta: kai ne na ƙarshe da za a kira.

Abokin aikinka bai yi maka ƙarya ba. Haruffan ID suna nufin rangwamen da ake yi wa ƴan sana'a, lambar da ke biye da su kuwa ita ce yawan abin da aka yafe maka cikin ɗari. Mai ID90 yana biyan kashi 10 na kuɗin tikitin, amma ba a ajiye masa kujera, sunansa a jerin masu jira yake. Mai ID50 yana biyan rabi, kuma a galibin kamfanoni shi ana iya ajiye masa wuri. GP kuwa sunan da masu Faransanci suke kiran irin wannan tikiti ne, ma'anarsa kyautar da ba ta cika ba, kuma wanda ya raɗa wannan suna ya faɗi gaskiya. Rangwamen a kan ainihin kuɗin kamfani kaɗai yake. Harajin filin jirgi, da kuɗin tsaro, da sauran abin da gwamnatoci suke ɗorawa, duka za ka biya su cif kamar kowane fasinja, kuma a Afirka ta Yamma waɗannan kuɗaɗe suna da nauyi ƙwarai, har takan kai harajin ya ninka abin da ka biya kamfanin.

Tun da a kanta kake aiki, nan da ƴan kwanaki za ka ga abin da idonka. Za ka ga mutum biyu ko uku sun raɓe a gefe da jakunkunansu, suna sanye da tufafi masu kyau, ba su cikin layi, ba su kuma zauna ba, idonsu a kan shugaban tasha. Waɗannan su ne masu jira. Sai an rufe rajista, galibi awa guda kafin tashi, sannan za a ƙirga kujerun da masu su ba su zo ba. Ko a nan ma akwai layi. Fasinjan da ya biya kuɗi aka bar shi jiya shi ne a gaba, sai ma'aikacin da kamfani ya aika aiki, sai ma'aikatan da ke tafiyar kansu, su kuma ana jera su ne bisa ranar da kowa ya fara aiki. Kowane kamfani da ɗan bambancinsa, amma a ko'ina wanda ya yi shekara ashirin yana gaban wanda ya yi wata shida, ko da mai wata shidan tun la'asar ya zo.

Ko ka ga kujeru a kwamfuta, kada ka saki jiki, domin akwai abubuwan da kwamfuta ba ta nuna wa sabon shiga. Kamfanoni suna sayar da tikiti fiye da yawan kujeru, saboda sun san wasu ba za su zo ba. Jiragen da ke zuwa Yamai da yawa suna haɗa ta da wani birni, kamar Wagadugu, don haka kujerar da ka gani fayau a nan wataƙila an riga an sayar da ita daga can, kuma ana iya sauke ka a tsakiyar hanya. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura 40, iska takan yi sako-sako, jirgin da zai tashi da rana ba ya iya ɗaukar nauyin da ya saba, sai masu lissafin nauyi su ce a rage, kuma daga mai jira ake fara ragewa, ga kujerar yana kallo. Lokacin hunturu kuma hazo yakan hana jirgi sauka, fasinjojin yau su taru a kan na gobe, jirgin da ka yi sati kana kallonsa da sarari ya cika maƙil cikin dare ɗaya. Ka tuna kuma nan ba Paris ba ce inda in ka rasa na safe za ka samu na rana. Wasu hanyoyin sau uku ko huɗu kawai ake bin su a sati, wanda ya rasa na Talata sai ya jira Alhamis.

Yanzu mu zo kan maganar Hajiya mahaifiyarka. Ɗana, ina ba ka shawara irin wadda zan ba ɗan cikina: kada ka ɗora tsohuwar nan a kan tikitin jira a goman ƙarshe na azumi. Babu lokacin da hanyar Jidda da Madina take cika kamar wannan, in ka ɗauke aikin Hajji. Ko ta Adis Ababa za ku bi, ko ta Istanbul, ko ta Kasabalanka, jirgi biyu ne zuwa, biyu dawowa, wato sau huɗu za ku tsaya a gefen kanta kuna jiran wani ya makara. Kamfanoni da dama ma sukan rufe wa ma'aikata irin wannan hanya gaba ɗaya a lokutan cunkoso. Fita daga Yamai shi ne mai sauƙin. Dawowa daga Jidda bayan salla, lokacin da duniya duka take son komawa gida rana ɗaya, can ne abin yake. Ka auna mace mai shekaru, wadda ba ta taɓa shiga jirgi ba, ba ta jin Larabci ko Faransanci, ta gama ibadar kwana goma, tana kwance a kan benci da jarkar zamzam, kwanakin bizarta suna tafiya, kai kuma hutunka ya ƙare. Ni ba zan yi ba.

Maman Ƴan Biyu ta amsa:

Ƙanena, barka da shigowa cikinmu. Baba ya gama magana a kan kujera, ni zan taɓa takardu da dangi, domin a shekara tara da na yi a kanta na ga sun fi kujera kayar da mutane.

Kafin komai, ka buɗe kwantaraginka ka ga sunan wanda ya ɗauke ka. A filin nan akwai masu sanye da rigar kamfanin jirgi, suna bugun katinsa kullum, alhali albashinsu daga kamfanin da ke yi wa jirage hidima a fili yake fitowa ko daga wakilin da ke sayar da tikiti, kuma irin waɗannan sau da yawa ba su da haƙƙin tikitin ko kaɗan, ko kuma nasu ƙunƙuntacce ne. Tun da an ba ka littafin, ina zaton kai ɗan gida ne, amma ka tabbatar. Sannan ba a fara cin moriyar sai an gama gwaji, kuma don shiga jiragen wasu kamfanoni galibi sai mutum ya cika wata shida.

Iyali a bakin kamfani ba shi ne iyali a bakinmu ba. A wurinsu iyali su ne mata ko miji, da ƴaƴan cikinka har zuwa wasu shekaru da aka ƙayyade, sai uwa da uba a kamfanonin da suka yarda da su. Kawu ba ya ciki, gwaggo ba ta ciki, ɗan riƙo ma ba ya ciki sai da takardar kotu. Auren da aka ɗaura a ƙofar gida aka raba goro bai ishe su ba, sai ka kawo takardar aure ta ma'aikatar magajin gari. Mai mata biyu kuma yakan tarar fom ɗin gurbi ɗaya gare shi, kuma na san gidan da wannan gurbi guda ya haddasa gaba ta wata da watanni. Game da Hajiya, tun yanzu ka ɗauko takardar haihuwarka ka gwada sunanta da wanda ke kan katinta harafi da harafi. Iyayenmu da yawa an rubuta musu “an haife ta wajen shekara kaza”, sunan kuma malamin asibiti ya rubuta shi wani iri, na kotu ya rubuta wani iri. Harafi ɗaya ya isa a mayar maka da fom, kuma gyaransa a Tawa ba aikin sati ɗaya ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar kawunka kuwa, ka rufe ta tun yau, cikin ladabi. Wannan tikiti an haramta yin kasuwanci da shi, kuma sayar da shi ko ara wa wanda bai cancanta ba laifi ne da ake kora a kansa kai tsaye. Ko kamfaninku yana ba da tikitin aboki ɗaya ko biyu a shekara, duk abin da wanda ka ba ya aikata a kanka yake. In ya ɗaga murya a kanta, sunanka za a rubuta. In ya dawo da buhuna takwas na kayan sari, kai za a kira. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki hoton shafin da ya lissafa waɗanda suka cancanta ka aika masa, ka ce doka ce ba kai ba, domin babba ya fi saurin haƙura da takarda a kan ya haƙura da “a'a” daga bakin ɗan ƙanwarsa. Haka nan batun saƙo. Da zarar an san kana tafiya, za a fara kawo maka ƙulli, wannan kilishi ne, wannan magani ne a kai wa wane. A Dakar har sunan GP ya koma sunan masu dakon saƙo a jirgi, daga nan kalmar ta samo asali. Kai da kake tambayar fasinja kullum ko shi ya haɗa kayansa da kansa, kada ka ɗauki abin da ba ka buɗe ka gani ba.

Bari in ba ka labarin wautata. A shekarata ta biyu na ɗauki ƴan biyuna, lokacin suna da shekara huɗu, muka tafi hutu a ƙarshen Agusta. Zuwa lafiya lau, har aka ba mu kujeru uku a jere. A dawowa muka iso tashar da ake sauya jirgi, sai na tarar duk ɗalibai da iyalan da suka yi hutu a waje suna komowa saboda buɗe makarantu. Daren farko kujera ɗaya ta rage, mu kuwa mu uku ne. Dare na biyu babu ko ɗaya. Ba a ba mai jira otal, ba a ba shi abinci, domin ba kamfani ne ya bar shi ba, shi ya zo a kan sharaɗin haka. Na shimfiɗa zanena a bayan wata kantar da ba a amfani da ita, yaran suka kwanta, ni kuwa na zauna ina gadin jaka ina lissafin kuɗin da ya rage, ga akwatinmu da kayan sawarsu ban san inda yake ba. A rana ta uku maigidana ya ranto kuɗi ya saya mana tikiti cikakke, mai tsadar da ake yi wa wanda ya zo a ƙurarren lokaci, kuma na koma aiki da latti na kwana biyu, aka ba ni takardar gargaɗi, domin rashin samun kujera ba uzuri ba ne a wurin shugabanni. Laifin nawa ne ni kaɗai, an faɗa mini ban ji ba. Tun daga ranar ba na fita sai da kuɗin tikitin dawowa a ajiye, da kayan kwana biyu a jakar hannu, kuma ina dawowa saura kwana biyu hutuna ya ƙare.

Wani ƙaramin abu: ana duba shigar mai jira. Kaftani mai tsabta da takalmi rufaffe sun wadatar, amma silifa da gajeren wando suna iya sa a bar ka a ƙasa.

Mai Lissafi na Filato ya amsa:

Ina gaida Baba, ina gaida Maman Ƴan Biyu. Duk abin da suka faɗa gaskiya ne, sai dai ina tsoron kada su sa yaron nan ya ajiye littafin a ƙarƙashin katifa har ya yi ritaya bai taɓa amfani da shi ba, kuma na san masu yin haka. Ni a ofishin sayar da tikiti nake, kuma da wannan tikitin na ga Istanbul, na ga Nairobi, na kai matata asibiti a waje sau biyu, abin da albashina ba zai taɓa yi mini ba. Abin yana da ilimi ne kawai, kuma ana koyonsa.

Abokina, ZED ɗin da ka gani ita ce ta fi amfani ga mu mazauna Yamai. Yarjejeniya ce tsakanin kamfanoni, an fara ta a 1994, wadda take ba ma'aikacin wannan kamfani damar shiga jirgin wancan. Ba a lissafa kuɗinta da kashi cikin ɗari, da nisan tafiya ake yi: an kasa nisa shiyya tara, ta farko daga mil 1 zuwa 450, kuma kowace shiyya tana da farashi uku, ƙarami da matsakaici da babba, gwargwadon abin da kamfanonin biyu suka daidaita. Yawanci a shafin myIDTravel ake saye, kuma tikitin da ba a yi amfani da shi ba ana mayar da kuɗinsa. Amfanin wannan shi ne ba ka dogara da ƙofa ɗaya. In za ka dawo gida ka riƙe tikiti biyu ko uku, ɗaya ta Lome, ɗaya ta Abijan, ɗaya ta Adis Ababa, wanda ya buɗe ka shiga, sauran ka karɓi kuɗinka. Ka duba kuma ƙawancen da kamfaninku yake ciki, domin Ethiopian da Turkish suna Star Alliance, Royal Air Maroc kuma ta shiga oneworld a 2020, kuma ƴan ƙawance ɗaya sukan yi wa juna farashi mai sauƙi. Sai dai ka sani a jirgin wasu kana bayan ma'aikatansu duka, kuma kowace hanya da sharaɗinta na biza da katin rigakafin shawara, wanda alhakin dubawa a kanka yake.

Ga misali don ka ga yadda lissafin yake, ba farashin wata hanya nake faɗa ba. A ce ainihin kuɗin tikiti jika 400 ne, haraji jika 150. Fasinja zai biya jika 550. Mai ID90 zai biya 40 da 150, wato jika 190, ba shi da kujera. Mai ID50 zai biya 200 da 150, wato jika 350, da kujerarsa a hannu. Tazarar jika 160 ce, kuma kwana biyu a otal da abinci da taksi na mutum biyu a ƙasar waje suna iya cinye ta.

Saboda haka ni ban ce kada Hajiya ta je Umra ta hanyar aikinka ba. Cewa na yi ka raba alkawarin da watan azumi, ka kuma raba shi da ID90. Ka tambaya ko iyaye suna da haƙƙin tikiti mai tabbataccen wuri. In suna da shi, ka nemi lokacin da hanya take da sauƙi, bayan an koma makaranta a Oktoba kuma kafin hutun ƙarshen shekara, lokacin ma zafin Makka ya fara sauka, wanda ya fi dacewa da tsohuwa. Ka bincika sharuɗɗan bizar Umra na wannan shekarar a wurin hukumar Hajji da Umra ta COHO ko wata amintacciyar ajans, domin Saudiyya tana sauya su, kuma ana son a ga tikitin dawowa da masauki. Kafin nan kai ka yi tafiya ɗaya kai kaɗai, gajeriya, Lome ko Abijan, ranar Talata ko Laraba, da jakar hannu kawai, don ka ɗanɗani tsayuwar gefen kanta tun babu wanda ke riƙe da hannunka. Dokar aiki ta ba ka hutun kwana biyu da rabi a kowane wata, kada ka ƙone su tun da wuri. Ka lura kuma da jiragen da ke tashi bayan sha biyun dare: in an rubuta Talata ƙarfe biyu, daren Litinin za ka je fili. Na sha ganin wanda ya zo a makare da kwana guda cur, har da ma'aikata.

Dattijon Talladje ya sake amsawa:

Malam Mai Lissafi, na yarda da kai a kan rabin kuɗi da tabbataccen wuri, kuma da na san kamfaninsa yana ba iyaye wannan da na faɗa tun farko. Inda nake da ja shi ne tikiti uku a aljihu. Dabara ce mai kyau ga saurayi mai jakar hannu, amma tana aiki ne ranar da sama take buɗe. A 2020 an rufe filayen jiragenmu daga Maris har farkon Agusta saboda annoba, a 2023 kuma an rufe sararin samaniyar ƙasar daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba. Da aka buɗe, fasinjojin da suka biya kuɗi aka fara kwashewa, sati da satuttuka, masu jira kuwa wasunsu ta ƙasa suka dawo. Ba na faɗi haka don in tsorata shi ba, sai don ya san kuɗin ajiyar da Maman Ƴan Biyu ta ambata ba ado ba ne.

Ɗana, abu ɗaya nake so ka yi a wannan satin: ka kira mahaifiyarka ka warware maganar goman ƙarshe da bakinka, tun ba ta fara sallamar maƙwabta ba. Uwa ba ta riƙe ɗanta a kan irin wannan.

Ɗan Adar ya dawo:

Baba, Yaya, Malam, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara girma. Jiya na cire kunya na koma wurin matar da ta ba ni littafin, kuma ba ta yi mini dariya ba, har kujera ta ba ni. Kamfanin ne da kansa ya ɗauke ni. Iyaye suna cikin waɗanda suka cancanta, suna da tikiti ɗaya a shekara mai tabbataccen wuri a kan rabin kuɗi, amma sai na cika wata shida, kuma hanyar Jidda a rufe take ga ma'aikata tun daga tsakiyar azumi har bayan salla, kamar yadda Baba ya yi hasashe.

Na kira mahaifiyata da daddare. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin in faɗa, sai ta katse ni ta ce ita dama tana tunanin yadda za ta yi azumi a cikin wannan turmutsutsu da ciwon gwiwarta, kuma in bar shi sai lokacin sanyi. Kawu kuma na aika masa hoton shafin, ya karanta, bai amsa ba tukuna.

Yaya, maganarki ta takardu ta tabbata. A takardar haihuwata an rubuta sunanta da harafi biyu a tsakiya, a katinta kuma da ɗaya, kuma ba ta da fasfo. Ina da hutun kwana uku a ƙarshen wata, zan shiga motar asuba in bi ta Doso da Kwanni in je in same ta. Abin da ban sani ba shi ne wanne ya kamata a gyara, tawa takardar ko katinta, kuma ko a kotun Tawa ake yi ko sai an zo Yamai. In akwai wanda ya taɓa yin irin wannan gyara, ina sauraro kafin ranar Alhamis.